Kafa Sabar Imel: Zaɓi Abin da Za Ka Iya Gyarawa

Duk makaranta ko kamfanin da ke son adireshin imel mai ɗauke da sunansa, ko dai ya kama haya wurin kamfani irin Google ko Microsoft, ko ya kafa tasa sabar. Masu kafa tasu sun fi son tsarin da kwamfuta ɗaya ke karɓar wasiƙun ma'aikatu da yawa, ba tare da an buɗe wa kowa asusu a kan ita kwamfutar ba. Kamar gidan waya ne: kowa da akwatinsa da mabuɗinsa, amma babu mai ɗaki a ginin.

Manhajoji biyu na kyauta ne suka yi fice a wannan aiki. Postfix, wadda Wietse Venema ya rubuta a IBM aka fitar a 1998, ita ke karɓa da aikawa. Dovecot, ta Timo Sirainen ɗan ƙasar Finland, ta fito a 2002, ita kuma ke duba kalmar sirri ta buɗe wa mutum akwatinsa. Dukansu rajista ɗaya suke dubawa don sanin wa ke da adireshi. Inda za a ajiye rajistar nan shi ne babban zaɓi.

In mutanenka kaɗan ne, fayil na rubutu ya wadatar, kuma da wuya ya ba ka matsala. In suna da yawa, kullum ana ƙarawa ana cirewa, sai rumbun bayanai irin MariaDB ko PostgreSQL, a haɗa da PostfixAdmin don magatakarda ya buɗe adireshi ta burauza. Zaɓi na uku, LDAP, na ma'aikatar da ke son kalmar sirri ɗaya ta buɗe imel da sauran ayyukanta ne. Sai dai duk abin da ka ƙara, ka ƙara wurin da zai iya lalacewa. In rumbun ya tsaya, wasiƙu ba sa ɓata nan take, domin Postfix za ta ce wa mai aikowa ya dawo anjima, sabobi kuwa kan yi kwana huɗu zuwa biyar suna sake gwadawa. Amma babu mai shiga akwatinsa.

Wajen ajiye su wasiƙun, tsarin Maildir ya fi na mbox aminci: kowace wasiƙa da fayil ɗinta, ba a zuba su duka cikin fayil ɗaya ba. Wannan na da muhimmanci inda wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar rubutu.

Sai kuma samun yardar duniya. Tun Fabrairun 2024, Gmail ke buƙatar SPF ko DKIM, wato hanyoyin tabbatar da asalin wasiƙa, daga kowane mai aikowa, mai aika wasiƙu 5,000 a rana kuwa sai ya haɗa duka biyun da DMARC. Wanda ya yi sakaci, saƙonsa na iya faɗawa kwandon shara.

Wasiƙun mutane amana ce. Ka riƙa kwafe rajistar da akwatunan zuwa wani wuri dabam kowace rana, ka kuma gwada maido da su tun kafin ranar buƙata. Sannan ka zaɓi tsarin da ma'aikacinka zai iya tayarwa shi kaɗai ranar da ba ka nan.