Wa Ke da Izinin Ganin Takardun Sirri na Gwamnati?

Mutumin Kebbe ko Tambuwal yakan je ofishin gwamnati ya nemi ganin wata takarda, sai a ce masa sirri ce. Wani lokaci gaskiya ne. Wani lokaci kuwa kora da hali ce kawai.

Lallai gwamnati tana da takardun sirri. Hawa huɗu ne, daga ƙaramin sirri zuwa babba. Akan buga hatimi a kan fayil domin a san matsayinsa. Tun 1962 akwai dokar da ta hana fitar da irin waɗannan takardu. Wanda ya karya ta yana iya shan ɗaurin shekara 14.

Ba kowane ma'aikaci ke taɓa su ba. Sai ya yi rantsuwar riƙe sirri. Idan muƙamin babba ne, hukumar tsaro ta farin kaya, wato DSS, takan bincike shi tukuna. Kamar binciken aure ne. A duba asalinsa, da takardun makarantarsa, da halinsa, da ko an taɓa ɗaure shi.

Amma cin wannan bincike ba ya buɗe wa mutum kowane fayil. Sai wanda aikinsa ya shafa. Akawun albashi, komai amanarsa, ba ruwansa da ranar da sojoji za su shiga daji neman ’yan bindiga. Idan labarin ya shiga kunnuwa da yawa, zai riga sojojin isa dajin. Rayuka ne za su salwanta.

To, kuɗin gina rijiya ko ajin makaranta fa? Wannan ba sirrin tsaro ba ne. A 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar ’yancin samun bayanai. Ta ba kowa damar neman takardun aikin gwamnati, ba sai ya faɗi dalili ba. A 2025 Kotun Ƙoli ta ce dokar ta hau kan jihohi ma.

Mai nema zai rubuta wasiƙa, ya ajiye kwafi. Wanda hannunsa bai nuna a rubutu ba, wani yana iya rubuta masa. Ofishin yana da kwana 7 ya ba da amsa. Idan ya ƙi, dole ya rubuta dalilinsa, kuma mai nema yana iya kai ƙara kotu.