Ina Jin Muryarku, Maganar Ce Ba Ta Fita



Akwai dattijon da za a ce masa "an yi shara", ya tambaya, "Wa aka sara?" Sai 'yan gida su ce tsufa ne. Shi kuwa ya dage kunnensa lafiya lau, tunda yana jin kiran sallar asuba daga masallacin unguwar gaba. Kuma bai yi ƙarya ba.

Jin ƙara daban, rarrabe magana daban. Idan shekaru ko hayaniyar injin niƙa suka raunana kunne, siraran sautuka ne kan fara ɓacewa. Daga nan shara, sara, tsara da fara duk su koma masa abu guda.

Shi ya sa masu auna ji ba sa tsayawa ga gwajin ƙarar na'ura kaɗai. Sukan shigar da mutum ɗakin da hayaniya ba ta ratsawa, a sa masa abin sauraro, a karanto gajerun kalmomi 25 ko 50 da ƙarfin da ya ishe shi, yana maimaitawa. Kowane kunne da nasa gwajin. Wanda ya kama 45 cikin 50 ya ci kashi 90 cikin ɗari. Makin nan ne ke haska ko na'urar ƙara ji za ta yi masa amfani. In kuma kunne ɗaya ya gaza ɗan'uwansa da yawa, likita zai binciki jijiyar ji.

A Amurka aka tsara fitattun jerin kalmomin: na Jami'ar Harvard lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sai na Ira Hirsh da abokan aikinsa a 1952. Da Turanci aka yi su. To manomin Maraɗi ko na Bichi fa? In ya kasa maimaitawa, kunnen ne ya gaza ko harshen ne baƙo? Fassara ma ba ta isa ba, domin a Hausa tsawon wasali ke raba garin da ake zama da garin tuwo. Tsara irin wannan jerin da Hausa aiki ne da ya kamata malaman Hausa na jami'o'inmu su haɗa kai da likitocin kunne a kansa.

Mai sauraro, idan Baba ko Inna sun yawaita cewa "me ka ce?", kada ka ɗaga musu murya cikin fushi. Ka kai su sashen kunne na asibiti, ko Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, ka roƙi a gwada su da harshen da suke ji.