Zaɓen teburi a gidan cin abinci a ƙasar waje: abin da ya kamata ku sani

A Wudil idan yunwa ta kama ka, sai ka tsaya wajen masu kifi a bakin gada, ko ka shiga rumfar mai tuwo ranar kasuwar Juma'a, ka zauna inda ka samu benci. Amma mutanen garin nan suna fita waje: alhazai da masu Umara, 'yan kasuwar da ke zuwa Dubai da China, malaman Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke zuwa taro ko ƙaro karatu. A can, wurin zama a gidan abinci abu ne da ake nema tun kafin a je, kuma wanda bai faɗi irin wanda yake so ba, ragowa ake ba shi.

Mene ne kama teburi?

Shi ne ka sanar da gidan abinci cewa za ka zo rana kaza, ƙarfe kaza, ku mutum kaza, su ajiye maka wuri. Ba ko'ina ake buƙatarsa ba. Wuraren da ake bin layi a karɓi abinci, irin su Albaik da alhazai suka sani a Makka da Jidda, shiga kawai ake yi. Inda ake zaunar da kai a kawo maka abinci ne ake kama wuri, musamman da dare da ƙarshen mako. A watan azumi kuwa, teburin buɗa-baki a Dubai ko Alƙahira sai wanda ya riga.

Yaya ake yi?

Za ka iya buga waya, ko ka roƙi ma'aikacin da ke karɓar baƙi a otal ɗinka ya buga maka, wanda shi ne mafi sauƙi idan ba ka jin harshen ƙasar. Akwai kuma manhajojin waya kamar OpenTable da TheFork. A cikinsu akwai gurbin da aka bari don rubuta buƙata ta musamman. Mutane da yawa suna tsallake shi, alhali nan ne za ka faɗi inda kake so a zaunar da kai. Ka sani roƙo ne kake yi, masu gidan abincin ba su ɗauki alkawari ba, amma sukan yi ƙoƙari. Ka kuma kiyaye lokaci, domin wurare da yawa minti 15 kawai suke jira su ba wani teburin.

Wane teburi ne mai kyau?

A nan ne ya kamata ka natsu. Guji teburin da ke bakin ƙofar kicin, saboda ƙarar kwanuka da kai-komon masu kawo abinci. Guji na kusa da banɗaki. Na bakin ƙofar shiga ma, a Ingila ko Turkiyya lokacin sanyi, duk wanda ya buɗe ƙofa iska ce za ta doke ka, kuma sanyin can ya fi na hunturunmu nesa ba kusa ba. A ƙasashen Larabawa matsalar akasin haka ce: kada a ajiye tsoho ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki.

Ga Musulmi akwai ƙari. Gidajen abinci da yawa a Turai da Amurka suna da mashaya a ciki, wato kantar da ake zuba giya. Ka ce a ba ka wuri nesa da ita. Wannan ba abin kunya ba ne, sun saba jin irinsa. Kuma tun a waya ka tambaya ko namansu halal ne, don teburi mai kyau ba zai amfane ka ba idan babu abin da za ka iya ci.

Zama a waje yana da ban sha'awa, sai dai tun da Ingila ta hana shan taba cikin gidajen abinci a 2007, Faransa kuma a 2008, masu taba waje suka koma. A Alƙahira da Istanbul ma sau da yawa nan masu shisha suke. Idan kana da yara ko mai ciwon asma, ciki ya fi.

Idan magana za ku yi ta kasuwanci, nemi kusurwa ko jikin bango. A birnin Guangzhou na China, manyan gidajen abinci suna da ɗakuna na keɓe masu teburi zagayayye. Kujerar da ke fuskantar ƙofa ta babba ce, don haka jira a nuna maka inda za ka zauna.

Idan kana tare da iyali fa?

A Saudiyya, kafin watan Disamba na 2019 doka ta wajabta a raba ƙofar iyali da ta maza zalla. An ɗage wajabcin, amma wurare da dama har yanzu suna da sashen iyali, wasu da labule, inda Hajiya mai niƙabi za ta ci abinci a sake. Ka tambaya. Idan akwai mai keken guragu ko dattijon da matakala ke wahalar da shi, faɗa tun farko a ba ku hawa na ƙasa.

Nawa zai ci maka?

Kama teburi galibi kyauta ne. Wasu manyan wurare dai sukan karɓi lambar katin banki, su ciri kuɗi idan ba ka zo ba kuma ba ka sanar ba. Teburin da ke da abin kallo, kamar na otal-otal ɗin hasumiyar agogo da ke kallon Harami, ko ɗakin keɓe, ana iya ɗora masa ƙa'idar cewa sai kun ci abin da ya kai kuɗi kaza. A Italiya akwai kuɗin zama da ake sa wa kowane mutum, ko da abu kaɗan ya ci. A Landan sukan ƙara kashi 12.5 cikin ɗari a matsayin kuɗin hidima, a Amurka kuma al'ada ce ka bar tukwicin kashi 15 zuwa 20. Da yadda naira take yanzu, waɗannan ba ƙananan kuɗi ba ne, ka tambaya kafin ka zauna.

In aka kai ka inda ba ka so?

Yi magana kafin ka zauna, cikin ladabi, ka nuna teburin da ka fi so. Kada ka je ka zauna da kanka a wanda ka ga babu kowa, wataƙila an ajiye wa wani ne. Idan sun ce sai ka jira minti goma, jira. Bayan an kawo abinci canjin wuri yana da wuya, saboda haka ka duba wurin da kyau tun kana tsaye.