Hoton yara: haske da haƙuri sun fi tsadar waya

A kusan kowane gida akwai irin hoton nan. Yara sun jeru daga babba zuwa ƙarami cikin kayan Sallah, hannuwa a gefe kamar kurata a fareti, fuska a murtuke domin sai da aka daka musu tsawa kafin a danna. Hoton ya nuna shaddar da aka ɗinka da takalmin da aka saya, amma wanda ya san Auta da surutu da ƙiriniya ba zai gane shi a ciki ba. Idan ka tambayi iyaye dalilin da hotunansu ba sa armashi, yawanci waya suke ɗora wa laifi. Wai sai an samu iPhone, ko babbar kyamara irin ta masu ɗaukar biki.

Tarihin sana'ar bai goyi bayan wannan uzuri ba. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, yawancin hotunan da suka fito da sunansa a tsakar gida ya ɗauke su, da hasken rana da zane a rataye a bayan mutum. Malick Sidibé, shi ma a Bamako, bin samari da 'yan mata yake yi wuraren rawa da bakin kogin Neja a shekarun 1960 da 1970, yana kama su suna cikin sha'aninsu, kuma a 2007 aka ba shi kyautar Zakin Zinare a babban baje kolin fasaha na birnin Venice. A Najeriya, J.D. 'Okhai Ojeikere da ƙaramar Brownie ya fara a 1950, kafin daga 1968 ya shiga tattara hotunan kitson mata har kusan dubu. Babu ɗayansu da yake iya duba hoto nan take ya goge ya sake, abin da mai ƙaramar Tecno ko itel yake yi kyauta a yau.

Abin da suka sani shi ne kyamara haske take tarawa. A bayan gilashin wayarka akwai wata 'yar na'ura, wadda a yawancin wayoyi ba ta kai farcen ƙaramin yatsa ba. Da ka danna, sai ta karɓi haske na ɗan ƙanƙanin lokaci ta mai da shi hoto. A waje da rana, kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ya ishe ta. A ɗakin da ƙwan lantarki ɗaya ne, dole ta tsawaita lokacin zuwa kashi ɗaya cikin 30, wani lokaci ma fiye da haka, kuma duk motsin da yaro ya yi a wannan tsakanin zai fito dishi-dishi. Masu sana'a kan nemi aƙalla kashi ɗaya cikin 250 idan suna son tsayar da yaro mai guje-guje. Wayar kuma tana ƙoƙarin ƙara wa ɗan hasken da ta samu ƙarfi, shi ya sa hoton dare yake fitowa da ɗigo-ɗigo, fata ta rasa kyanta. Maganin nan ba ya cin ko sisi: a kai yaron inda haske yake. Bakin ƙofar ɗaki, gefen taga, zaure, inuwar darbejiya. Kai kuma ka tsaya yadda hasken zai faɗo a fuskarsa, ba ta bayansa ba.

Tsakar rana ba ta da kirki ga fuska. Rana tana bisa kai, inuwa ta cika ramin ido da ƙarƙashin hanci, yaro yana ta ƙanƙance ido. Da hantsi ko la'asar sakaliya hasken yana zuwa ne ta gefe, ya yi laushi. Hazon hunturu da kowa yake kuka da shi alheri ne a nan, domin ƙurar tana watsa hasken ta kashe kaifin inuwa. Sai dai ita wannan ƙurar, da maiƙon hannu, su suke lulluɓe gilashin kyamara. Hotuna da yawa da ake zargin waya a kansu, gefen riga kawai suke buƙata kafin a danna. Fitilar waya kuwa, a kashe ta. Tana sa goshi ƙyalli, ta baje fuska, ta kuma sanar da yaro cewa ana ɗaukarsa.

Akwai matsalar da ta fi shafar mu. Kyamara tana auna hasken duk abin da ke gabanta ta ɗauki matsakaici. Yaro baƙi cikin farar shadda, a jikin farin bango, sai ta ga haske ya yi yawa ta rage, shadda ta fito tas fuska ta nutse. Kamfanin Transsion mai Tecno da Infinix da itel ya yi suna a Afirka da daidaita kyamarorinsa da baƙar fata, amma a kusan kowace waya akwai dabara: ka taɓa fuskar a allo kafin ka danna, wayar za ta auna haske daga nan. Zuƙo hoto da yatsu biyu kuma, a yawancin wayoyi masu araha yanke hoton kawai yake yi ya buɗa shi. Gara ka taka da ƙafarka. Kada dai ka cusa wayar a fuskar yaro, domin gilashin waya mai faɗin gani ne, a kusa sosai yana kumbura hanci. Taku biyu ko uku ya isa.

Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne halin babba. Mun saba ɗaukar yara a tsaye, daga sama, sai kai ya fito ƙato, ƙafafu ƙanana, bayan hoton kuma ƙasa ce zalla. A al'adarmu yaro ne yake tsugunawa gaban babba, shi ya sa magidanci yake jin nauyin durƙusawa a tsakar gida da waya a hannu. To, a nan sai an ajiye girma. Idan idon kyamara ya yi daidai da idon yaro, hoton yana shiga duniyarsa, ana ganin abin da shi yake gani.

Sannan a daina cewa "kalli nan" da "yi dariya". Yaron da aka tarbiyyantar da kunya, da ya ga babba ya zuba masa ido zai sunkuyar da kai ko ya ƙame. Ka bar shi da abin da yake yi. Ka zauna gefe har ya manta da kai, abin da ba ya ɗaukar yaro lokaci mai tsawo. Yarinya tana carafke, idonta a sama tana bin dutsen da ta cilla, leɓe a cije. Yaro yana haɗa motar kara, ya fito da harshe gefe saboda natsuwa. Kaka tana tsokanar jikanta da "mijina", shi kuma yana murguɗa baki. Ba dole fuska ta fito ba ma: hannu mai lalle a kan allo, ko ƙafar jariri a tafin mahaifinsa, hoto ne cikakke. A wayoyi da yawa, idan ka riƙe maɓallin ba ka saki ba, za ta ɗauki hotuna a jere. Ka zaɓi ɗaya, ka share sauran ba tare da tausayi ba.

Ɗauka ba shiri ba ta ba ka damar ɗauka ba izini. Cikin gida akwai mata da ba su yafa mayafi ba, akwai 'ya'yan maƙwabta, akwai almajirin da ya shigo aiki. Kowannensu yana da haƙƙi. Hoton yaro yana wanka ko yana kukan an yi masa faɗa yana iya ba ka dariya yau, amma da ya hau Facebook ya fita hannunka, shi kuma zai girma ya tarar da shi. Faransa ta yi doka a 2024 da ta ɗora wa iyaye alhakin kare haƙƙin 'ya'yansu a kan hotunansu, dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ma ta shardanta yardar iyaye kafin kamfanoni su yi amfani da bayanan yaro. Hoto da rigar makaranta mai bajo yana gaya wa wanda ba ka sani ba inda ɗanka yake wuni.

Saura ajiya. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, mimori yana lalacewa, WhatsApp kuma yana matse hoto ya rage masa inganci in ba a matsayin fayil aka tura shi ba. Shagunan wankin hoto ba su ƙare ba a garuruwanmu. A kowace shekara ka zaɓi goma ko ashirin ka kai a wanke, ka rubuta sunan yaron da wurin da shekarar a baya, ka ba uwar gida ta adana.