Mudun Beji da Wayar Awon Injiniya

Wanda ya saba sayen hatsi a kasuwar Beji, kan hanyar Minna zuwa Zungeru, ya san kafin a duba dawa ko masara, mudun ake fara dubawa. Tsohuwar da ta san kan kasuwa takan karɓi kwanon ta kifa shi, ta shafa gindinsa da tafin hannu, domin akwai mudun da ta sama lafiyarsa ƙalau, alhali an bubbuga gindinsa ya taso ciki. Mai awo ya tula har da tozo, mai saye ya tafi yana murna, sai an isa gida a ga awon bai cika ba.

Masu aikin sadarwa ma suna da nasu mudun, sai dai kaɗan ne ke kifa shi su duba. Ina nufin guntuwar wayar nan da injiniya ke haɗa na'urar awonsa da eriya, da kawunan ƙarfen da ke bakinta biyu. Tun da wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, aka kakkafa dogayen ƙarafan sabis a bakin hanyoyi da ƙauyuka, irin wannan waya ce ke yanke hukunci: eriya lafiya take ko a sauke ta. Ɗaliban injiniya a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, wadda aka kafa a 1983, mai harabobi a Bosso da Gidan Kwano, da ita suke koyon awo. Ƙanwarta kuma tana kan rufin gidaje da yawa, ita ce ke saukowa daga dish zuwa dikoda.

In ka yanka ta, hawa huɗu za ka gani: silin jan ƙarfe a tsakiya, farar roba ta kewaye shi, sannan saƙar siraran wayoyi, sai riga a waje. Bature Oliver Heaviside ne ya yi rajistar wannan tsari a Ingila a 1880. Sirrin yana cikin tazarar da ke tsakanin silin tsakiya da saƙar. Wannan tazara, tare da irin robar da ta cike ta, ita ke ba wayar ma'auninta: om 50 ga na'urorin rediyo da na awo, om 75 ga talabijin da dish. Kamar yadda fasalin mudu shi ne cikinsa, haka fasalin wayar shi ne gaskiyarta. Aka taka ta da babur, ko ƙofa ta datse ta, ko aka naɗe ta tamau a gwiwar hannu kamar igiyar guga, tazarar ta canza a wannan wuri. Sigina in ya iso nan, wani sashensa sai ya juyo baya. Rigar waje kuwa tana nan sumul, ba ko ƙwarzane.

Abin da ke biyo baya shi ne na'ura ta nuna matsala, a ɗora wa eriya laifi. A tura yaro ya hau ƙarfe cikin rana, a canza kaya masu tsada, alhali mai laifin yana kwance cikin jakar injiniya. A nan ma mudu ya fi, don lotsewarsa aƙalla tana amfanar mai sayarwa. Lotsattsiyar waya ba ta amfani kowa ba.

A kasuwa in gardama ta tashi, akan ɗauko mudun da kowa ya yarda da shi a gwada. Injiniya ma haka yake yi kafin awo: yana da kawuna uku na gwaji, ɗaya buɗaɗɗe, ɗaya toshe, ɗaya mai om 50 cif, ya ɗaura su a bakin wayar ɗaya bayan ɗaya, na'urar ta gane halin wayar ta cire shi daga lissafi. Amma wannan yana aiki ne in halin wayar ɗaya ne. Gwajin da na fi yarda da shi mai sauƙi ne: bayan an saita, a ɗan motsa wayar ana kallon allo. In layin yana tsalle, wayar ta gama yayi, kome kyan rigarta.

Akwai inda kwatancen ya gaza, kuma nan ne abin ya fi muni. Lotsattsen mudu ba ya lotsa ɗan'uwansa. Kan waya kuwa yana yi. Kawunan akwai namiji da mace: in allurar tsakiyar namijin ta karkace ko ta zarce tsawonta, duk macen da aka cusa shi a ciki sai ya buɗe mata yatsu, ita kuma ta lalata namiji na gaba, a haka har ɓarnar ta isa bakin na'urar awon kanta, wanda gyaransa ya ninka kuɗin wayar nesa ba kusa ba. Kan da ake kira N, wanda Paul Neill ya ƙirƙira a Amurka a shekarun 1940, yana da na om 50 da na om 75, kuma a ido kusan ɗaya suke. Allurar na 50 ta fi kauri. Ka tura ta cikin macen 75, ka gama da ita.

Kiyayewar ba ta da wuya, haƙuri take so. A duba kan a wuri mai haske kafin a ɗaura, ba bayan an ɗaura ba. A hunturu ƙura na shiga ko'ina, don haka murfin robar da ke zuwa da shi ba abin yarwa ba ne. In ya yi datti a goge da sinadarin isofurofil da abin da ba ya barin zare, a bari ya bushe. Hura shi da baki danshi kawai yake ƙara masa. Wajen ɗaurawa, a daidaita kawunan biyu tukuna, a juya notin kaɗai, jikin wayar na tsaye, don juya jikin yana gurje allurar. Filaya kuwa haramiyarsa ce. Akwai sufana ta musamman da ke sakin hannu in ɗaurin ya kai. Ko da an bi duk wannan, ƙaramin kan da ake kira SMA yawanci ɗauri da kwancewa 500 aka ƙiyasta masa. Ba kayan gado ba ne.

Na gida kuma babban maƙiyinsa damina ce. Ruwa in ya samu kafa a kan wayar da ke jikin dish, saƙar ce ke tsotsarsa, jan ƙarfen ya yi kore, hoto ya fara daskarewa ko rana na tsaka. Ta cikin wannan wayar ce dikoda ke aika wutar bolt 13 ko 18 zuwa idon dish, don haka silin saƙa guda ɗaya in ya taɓa na tsakiya ya isa ya ɗauke tashoshi gaba ɗaya.

Malam mai haɗa dish, kafin ka ce wa maigida dikodarsa ta mutu ya nemo kuɗin sabuwa, kwance kan wayar ka duba tukuna. In ya yi kore, yanke ka sa sabo, ka naɗe shi da salatif mai hana ruwa, ka kuma bar wa wayar ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga bango don ruwa ya ɗiga a waje.