Tattara Tsofaffin Kwafe-kwafen Dogayen Waƙoƙi: Amfaninsa ga Nazarin Harshe, da Waiwaye kan Ƙasar Katagum

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Turai akwai masu sha'awar tara tsofaffin bugu na dogayen waƙoƙin Italiya, musamman waɗanda aka ƙawata da zane-zane. Irin wannan sha'awa tana da takwara a ƙasar Hausa, wato tattara rubuce-rubucen hannu na dogayen waƙoƙi, na ajami da na Larabci, tare da bugun da aka riƙa yi musu a maɗaba'un Kano da Zariya. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa kowane tsohon kwafi shaida ne mai zaman kansa a kan tarihin harshe, don haka yadda aka tattara shi yana da muhimmanci kamar samunsa. Za a fara da misali daga Italiya saboda darasin da ke cikinsa, sannan a dubi sigar kwafinmu na gida, a ƙarshe a waiwayi ƙasar Katagum, musamman yankin Itas.

2.0 Darasi daga Italiya

A shekarar 1472 aka fara buga Commedia ta Dante a garin Foligno. Bugun da ya fi jan hankalin matara shi ne na birnin Fulorans na 1481, wanda aka bar gurbin zane a farkon kowane babi daga cikin babi 100 na waƙar. Zane 19 kawai aka sassaƙa, bisa samfurin Botticelli, kuma yawancin kwafen ba su samu fiye da biyu ko uku ba, sauran ma manna su aka yi daga baya. Saboda haka bugu ɗaya ne, amma kwafensa sun bambanta, kuma mai saye sai ya ƙirga zanen kafin ya yi tayi.

Ga manazarcin harshe, labarin Orlando Furioso ta Ariosto ya fi wannan amfani. An buga ta sau uku a rayuwar mawallafin, a 1516 da 1521 da 1532. Bugun farko yana da babi 40, kuma karin harshen arewacin Italiya ya fito fili a cikinsa. A na ƙarshe Ariosto ya kai ta babi 46, ya kuma gyara harshenta ya kusanta shi da karin Tuskani, wanda shi ne ya zama daidaitaccen Italiyanci. Da a ce bugun 1532 kaɗai aka adana, da ba a iya bin sawun wannan sauyi ba. Masu tara littattafai don ado su ne suka tsare wa masana harshe wannan hujja, ko da ba ita suka nufa ba.

3.0 Sigar Kwafinmu na Gida

Dogayen waƙoƙin da suka fi yawo a hannun malamai da almajirai iri biyu ne. Akwai na Larabci irin su Ishiriniya ta Alfazazi da tahamisinta, da Burda ta Albusiri. Akwai kuma na Hausa cikin ajami, tun daga na masu jihadi kamar Waƙar Gewaye, zuwa Waƙar Bagauda, zuwa Tabarƙoƙo ta Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi da Imfiraji ta Aliyu Namangi. Babu zanen mutum ko dabba a cikinsu. Abin da ya tsaya a matsayin zane shi ne zayyana, wato ado na layuka da da'irori da murabba'ai cikin tawada baƙa da ja da rawaya. Zayyana ta fi yawa a Alƙur'ani da Dala'ilu, kwafin waƙa kuwa yawanci ba ya wuce jan tawada a wasu kalmomi da ƙananan alamomi masu raba ɗango da ɗango. Duk da haka wannan ɗan adon ba banza ba ne, domin sau da yawa shi ne ke rarrabe baitin asali da abin da mai tahamisi ya ƙara.

Ba a ɗinka irin waɗannan littattafai. Warƙoƙi ne a sake, a tsakanin tadarishi, a cikin gafaka. Abin da ke tsare jerinsu shi ne kalmar da marubuci ke sakawa a gindin shafi, wadda da ita warƙa ta gaba za ta fara. Idan warƙa ɗaya ta salwanta, ko kwafi biyu suka cuɗanya a gafaka ɗaya, wannan kalma ce kaɗai jagora.

Wani abin lura shi ne takardar kanta daga Italiya aka fi kawo ta. Wanda ya ɗaga warƙar ƙarni na 19 ya duba ta a hasken rana, sau da yawa zai ga tambarin jinjirin wata uku a jikinta, wanda Italiyawa ke kira tre lune. Masana'antun arewa maso gabashin Italiya ne suka riƙa yin ta, cikinsu har da gidan Galvani na Pordenone, fatake kuma suka riƙa ratso Sahara da ita ta Tarabulus da Masar. Tambarin ba ya bayyana shekarar da aka yi rubutu, amma yana hana a kai kwafi zamanin da ya girmi takardarsa.

Haka kuma ramzi, wato kalmar da mawaƙi ke ƙulla shekara da ita a ƙarshen waƙa. Abu biyu ake kuskurewa a nan. Na farko, lissafin haruffan na Magariba ne, inda harafin shinun ke da 1000, ra kuma 200, alhali a lissafin Gabas shinun 300 ne. Na biyu, ramzi shekarar wallafa yake nunawa, mai kwafa kuwa yakan ɗauko shi yadda ya same shi ko da bayan shekara ɗari ne. Waƙar Bagauda, wadda Hiskett ya yi nazari a 1964 da 1965, ta ba da wata hanya dabam: tun da jerin sarakunan Kano ne a wani sashenta, kuma an riƙa ƙara sunaye a kai, sarkin ƙarshe da kwafi ya ambata yakan nuna zamanin da aka tsaya.

4.0 Abin da Ajami ke Adanawa

A nan ne ƙimar tsohon kwafi ta fi fitowa. Rubutun boko, tun daga ƙa'idojin Hanns Vischer na 1912 har zuwa aikin Hukumar Hausa da aka kafa a 1955, bai nuna tsawon wasali ba. Ajami kuwa yana nuna shi da alif da wawu da ya. Tun da karin waƙa a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi yake tafiya, kwafin ajami yana ba mai nazari abin da zai auna kari da shi kai tsaye, yana kuma nuna yadda marubucin ya ji tsawon wasalin ƙarshen kalma a zamaninsa. Gaskiya ne ajami yana da nasa giɓin. Ba ya nuna karin sauti, yakan haɗa /o/ da /u/ a rufu'a ɗaya, kuma marubuta ba su daidaita ba kan yadda za a rubuta /ɓ/ da /ts/ da /c/. To amma wannan rashin daidaito shi kansa abin nazari ne, domin yana bambanta makaranta da makaranta, da yanki da yanki.

Sai batun karin harshe. An san cewa inda Sakkwatanci ke cewa zamna da sabka da sabro, Kananci na cewa zauna da sauka da sauro. A duk waɗannan kalmomi gaɓar farko mai nauyi ce, ko da baƙi ta ƙare ko da tagwan wasali. Ke nan mai kwafa a Kano yana iya mayar da waƙar Sakkwato zuwa bakinsa ba tare da kari ya karye ba, kuma mai sauraro ba zai ji wata tangarɗa ba. Babu yadda za a gane an yi wannan sauyi sai an jera kwafi da kwafi. Idan aka zo juyawa zuwa boko, sai a sami sauyi na biyu, domin mai juyawa yakan karkata ga daidaitacciyar Hausa, wadda ta ginu a kan Kananci. Abin da Ariosto ya yi wa waƙarsa da gangan, shi ne masu kwafa da masu juyi suka yi wa waƙoƙin jihadi sannu a hankali ba da niyya ba. A ganina, wanda ya kafa hujja kan Hausar ƙarni na 19 da bugun boko kaɗai, Hausar mai juyi yake nazari.

5.0 Tarihin Tattarawa

Turawa ne suka fara fitar da irin waɗannan waƙoƙi a ɗab'i. A 1896 C. H. Robinson ya buga wasu a Kambirij tare da hoton rubutun ajaminsu, abin da ya sa aikin bai rasa amfani ba duk da raunin fassararsa. Tattarawa ta hukuma ta kankama ne daga shekarun 1950 a ɗakin karatu na Jami'ar Ibadan da gidan tarihi na Jos da ma'adanar takardu ta ƙasa a Kaduna. A 1964 aka fara shirin binciken tarihin Arewa a Jami'ar Ahmadu Bello, a 1970 kuma aka kafa Gidan Arewa a Kaduna. Yawancin masu wannan aiki 'yan tarihi ne, kuma idonsu na kan rubutun Larabci na shugabannin jihadi, don haka waƙar ajami ta zo a baya. Bello Sa'id (1978) yana cikin waɗanda suka cike wannan giɓi ta fuskar waƙoƙin masu jihadi, haka ma Boyd da Mack (1997) kan ayyukan Nana Asma'u.

Misali mafi kyau na tarin mutum ɗaya shi ne na Malam Umaru Falke, malami kuma ɗan kasuwa na Kano wanda ya rasu a 1962. Littattafansa, fiye da 3,000, suna Jami'ar Northwestern a Amurka. Darajarsu ita ce an ɗauke su gaba ɗaya ba a tsintsinta ba, don haka ana iya ganin abin da malami guda ya karanta da abin da ya kwafa. Abin takaicin shi ne ɗalibin Kano sai ya ƙetare teku, ko ya dogara da hoto, kafin ya gan su.

Akwai kuma bugun kasuwa, wato rubutun hannu da ake ɗaukar hotonsa a buga a takarda mai araha a sayar a Kurmi da bakin masallatai. Ɗakunan karatu sun daɗe suna raina shi, alhali kowanne hoton hannun wani marubuci ne da ajaminsa da karin harshensa, kuma takardarsa ta fi ta ƙarni na 19 saurin lalacewa.

6.0 Ƙasar Katagum

Malam Zaki ne ya kafa masarautar Katagum a farkon ƙarni na 19, ya gina birnin wajen 1814. Clapperton ya ziyarce shi a 1824, kuma a 1916 aka mayar da fada Azare. Victor Low (1972) ya tattara tarihin baka na wannan masarauta tare da na Gombe da Haɗejiya. Dalili uku ne suka sa ya kamata mai tattara waƙoƙi ya mai da hankali nan.

Da farko, ƙasar tana tsakanin Kano da Barno, kuma Brigaglia da Nobili sun nuna cewa kowanne daga cikin waɗannan wurare biyu yana da salon rubutunsa, Kanawi da Barnawi. Hanyar masu neman karatun Alƙur'ani zuwa gabas ta nan ta bi, saboda haka a irin wannan yanki ne ya kamata a nemi inda salon biyu suka haɗu. Sannan akwai Guddiranci, karin harshen da Bagari (1982) ya bayyana siffofinsa. Bayanin nasa a kan maganar masu rai ya dogara. Kwafin wata sananniyar waƙa, a ce Imfiraji ko Waƙar Gewaye, da hannun malamin Itas ko Azare ko Shira, zai iya nuna waɗanne siffofi ne suka kutsa cikin rubutu da kuma tun yaushe, daidai da yadda aka bayyana a sama game da zamna da zauna. A wannan fuska kwafin da editan adabi zai yar don ya kauce wa asali, shi ne mai nazarin karin harshe ya fi bukata. Dalili na uku na gaggawa ne. Kogin Jama'are ya ratsa wannan yanki, ambaliya ba baƙuwa ba ce a fadamunsa, ga gara, ga kuma rabon gado wanda kan raba littafi ɗaya marar ɗinki tsakanin magada.

Akwai cibiyoyin da za su iya ɗaukar aikin. Jami'ar jihar Bauci da aka kafa a Gadau a 2011, wadda yanzu ke ɗauke da sunan mawaƙi Sa'adu Zungur, tana cikin ƙaramar hukumar Itas/Gadau, ga kuma kwalejin ilimi a Azare. Ba sai an raba mai littafi da littafinsa ba. Tun daga 2004 shirin ceto ma'adanai na Ɗakin Karatun Birtaniya ya bi tsarin ɗaukar hoto a bar asali a inda yake, kuma wannan ya fi dacewa da gidajen malamai, inda littafi gadon uba ne. Sharaɗin shi ne a ɗauki gafaka yadda aka same ta, warƙa bayan warƙa, kafin a gyara jeri, a haɗa da tadarishi da bayanan gefe da sunan mai kwafa idan ya rubuta shi, a kuma ɗauki wasu warƙoƙin ta fuskar haske don tambarin takarda ya fito. A rubuta daga wa mai littafin ya gaje shi da inda wancan ya yi karatu. Idan kuma a gidan akwai wanda ya haddace waƙar, a naɗi muryarsa yana rera ta daga wannan kwafin, domin karin sauti da bambancin /o/ da /u/ da ajami ya bari a buɗe daga bakinsa za a same su.