Hutu Da Aiki A Tsibirin Zanzibar: Tambayoyin Da Za Ki Yi Kafin A Ɗaure Kaya

Wataƙila kin taɓa jin maigida yana cewa bana zai kwashe ku ku tafi wani tsibiri, ku sha iska, shi kuma ya riƙa aikin ofishinsa ta kwamfuta daga can. Ko kuma ɗanki da ya gama karatu ya zo miki da hoton farin rairayi da shuɗin ruwa a wayarsa, ya ce an yi masa alkawarin aikin wata uku a otal, ga albashi ga yawon buɗe ido. Abin da daɗin ji, amma aiki sunansa aiki ko da a bakin teku ake yin sa. Kafin ki ce Allah ya kiyaye hanya, bari mu ɗauki Zanzibar misali, mu ga tambayoyin da ya kamata a amsa tun ana gida.

Zanzibar tana cikin Tekun Indiya, tafiyar kamar awa 2 a jirgin ruwa daga Darussalam. Manyan tsibiranta biyu ne, Unguja da Pemba. Ta haɗe da Tanganyika ranar 26 ga Afrilu, 1964, aka sami ƙasar Tanzaniya, amma har yau tana da shugabanta da majalisarta. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanenta sun kusa miliyan 1.9, kuma kusan dukkansu Musulmi ne. A ƙauyen Kizimkazi akwai masallacin da rubutun bangonsa ke ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. Tsohon birninsu, wanda suke kira Mji Mkongwe, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Kanumfarin nan da kike sa wa a kunu da shayi kuwa, shi ya fito da sunan tsibiran, musamman Pemba.

Tambaya ta farko: da wace takarda za a shiga?

Nan ne da yawa ke faɗawa rami. Bizar yawon buɗe ido ba ta ba mutum damar kama aiki. Baƙon da zai yi aikin albashi sai da izinin aiki da kuma izinin zama, kuma wanda zai ɗauke shi aikin ne ke da alhakin nema masa. Hatta mai aikin sa-kai a makaranta ko asibiti yana da irin tasa takardar. Saboda haka duk wanda ya ce wa ɗanki ya taho kawai a matsayin ɗan yawo, za a gyara takardu daga baya, to a yi hattara da shi. A nemi yarjejeniya a rubuce mai bayyana albashi, awannin aiki, masauki da kuɗin jirgin dawowa, kuma kada ya miƙa fasfonsa ga kowa da sunan ajiya. Shi ma maigida mai aiki ta kwamfuta, ya tuntuɓi ofishin jakadancin Tanzaniya, ya faɗa musu gaskiyar abin da zai je yi.

Har ila yau, mai tasowa daga Nijeriya ko Nijar yana buƙatar katin rigakafin cutar shawara. Kuma tun 1 ga Oktoba, 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorar tafiya, wadda aka fara da dala 44 ga mutum ɗaya. Ki sa wannan a lissafi.

Tambaya ta biyu: wane irin aiki ne?

Yawancin otal-otal na bakin teku, irin na Nungwi da Kendwa a arewa da Paje a gabas, don baƙi daga Turai aka gina su, kuma ana sayar da giya a cikinsu. Ki tambayi ɗanki dalla-dalla: a wane sashe za a ajiye shi? Zai sami lokacin sallah da zuwa Juma'a? Aikin karɓar baƙi ko lissafin kuɗi daban, raba kwalabe daban. In 'ya mace ce, maganar wanda zai raka ta da gidan da za ta sauka ita ce gaba da komai.

Ki kuma sani cewa 'yan ƙasa ma neman aikin suke yi. Idan kin je Paje ko Jambiani lokacin da ruwa ya janye, za ki ga mata sun tsunduma cikin teku da zannuwansu suna ɗaura ciyawar teku a jikin igiya. Mwani suke kiranta, an fara nomanta don sayarwa a 1989, kuma daga ita ake fitar da sinadarin da ke kaurara man goge baki da wasu kayan abinci. Wuni suke a sunkuye cikin rana da ruwan gishiri don kuɗi kaɗan, ga shi ɗumamar ruwan teku na kashe musu irin da ya fi tsada. A wurin da iyaye mata ke wannan wahala, alkawarin albashi mai tsoka ga baƙon da ba shi da wata sana'a abin a bincika ne.

Tambaya ta uku: a wane wata?

Damina biyu gare su. Babba, wato masika, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da baƙi ke raguwa har wasu otal-otal su rufe. Ƙarama, wato vuli, tana zuwa wajen Nuwamba. Kasuwa ta fi ci daga Yuni zuwa Oktoba, sai kuma Disamba zuwa Fabrairu. A lokacin ne ake samun aiki, a lokacin ne kuma haya ke tsada, ma'aikaci ba ya samun sukunin ko kallon tekun. Mai aikin kwamfuta ya tuna suna gaban Nijeriya da awa 2, ya kuma tambayi mai masauki ko akwai janareta, domin can ma wuta na ɗaukewa.

Tambaya ta huɗu: ke fa, hutun ya shafe ki?

In za ki bar kicin ɗin gida ki koma wani kicin a bakin teku, maigida na kan kwamfuta, yara na wuyanki, to ba ki huta ba, wurin aiki kawai kika canza. Ku yi shawara tun a gida, a ware awannin aiki da ranakun iyali. A irin ranakun ne za ku zaga kasuwar Darajani ki sayi kanumfari da kirfa, da yamma ku je Forodhani yara su ɗanɗana urojo da gasasshen kifi. Ta fuskar sutura ba za ki ji baƙunta ba, domin matansu na rufe jiki da kanga da baƙin buibui.

Ki koya wa yara gaida manya da shikamoo, za a amsa musu da marahaba. Sannan ku kula da agogonsu, don suna fara ƙirga awa daga ƙarfe 6 na safe: in an ce a zo saa mbili, wato awa biyu, ƙarfe 8 ake nufi. Sabon ma'aikaci na iya makara ko ya yi sammakon banza saboda wannan.

'Yar'uwa, ba muna hana tafiya ba ne, domin tafiya mabuɗin ilimi ce. Abin da muke cewa, in an amsa tambayoyin nan huɗu kika gamsu, ki sa albarka da zuciya ɗaya. In kuwa aka fara kame-kame tun a ta farko, to a dakata, teku ba ta gudu. Allah ya tsare mana iyalanmu a gida da waje, amin.